Akushin Tunka

Ni Gundo, shekara talatin ina tuƙa tuwon Tunka, wato sarkin Wagadu, a birnin Kumbi, kuma da hannun nan nawa na halaka magajinsa. Mai son zagina ya zaga, na riga shi.

A Wagadu ɗan sarki ba ya gadon sarauta, ɗan 'yar'uwar sarki ke gada. Kowa ya san haka, har Jagili, babban ɗan Tunka, wanda ya yi shekara ashirin a kan doki yana ci wa ubansa garuruwa. Ya san ranar da tsohon ya cika, shi ma durƙusawa zai yi ya zuba ƙasa a ka gaban wani. Abin ya tsaya masa a wuya. Fenda, ƙanwar Tunka, maza uku ta haifa. Na fari wai doki ya kayar da shi. Na biyu wai ciwon ciki na yini guda. Saura Birante, da ya tashi can bakin kogi wajen dangin ubansa, ba wanda ya san fuskarsa a birni.

Da ciwon Tunka ya yi tsanani, Fenda ta same ni ina tankaɗe.

"Gundo, mahayan Jagili sun fara bin ƙauyuka. Ina zan kai yaron nan?"

"Kawo mini shi," na ce. "Wa zai nemi magaji a bakin murhu? Ranar da aka buga tambarin rasuwar Tunka sai ki kamo hannunsa ki fito da shi."

Ta zuba mini ido. "Akushin fa?"

"Haba uwar ɗakina, ni za a koya wa? Itace da ruwa kawai. Akushi ko kusa da shi ba zai je ba."

Tsoronta yana kan hanya. Duk wanda ya taɓa ɗaukar akushin Tunka ya kai gabansa, tare da shi ake rufe kabari, da ransa, don ya ci gaba da hidima a can. Mu masu dafawa ba a taɓa mu. Masu ɗauka su shida ne, ana ciyar da su ana tufatar da su, sun san abin da suke jira.

Birante ya zo, ƙato ne mai shekara ashirin da biyar, ga dariya ga ci. Zai ɗanɗana miyata ya yamutsa fuska.

"Inna Gundo, wannan miyar kuka ce ko ruwan wanke ludayi?"

"Rufe mini baki, acici! Ɗauki gatari ka ba ni wuri."

Ban taɓa haihuwa ba. Kafin wata biyu yaron nan ya shiga raina, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya Fenda ta shigo tana haki. Wai Tunka ya ce sai ya ga ɗan ƙanwarsa kafin ya tafi. Ga dakarun Jagili a ƙofar ɗaki, ba namijin da ke shiga sai masu akushi.

Na ce, "Ina! Ba da ni ba."

"Sau ɗaya ne, Gundo. Ya sa rigarsu, ya sunkuyar da kai, ya shiga ya fito. Wa zai lura? In Tunka ya dafa kansa, magana ta ƙare."

Ta yi ta kuka. Ni kuma, sakarya, na ɗauki akushin na sa masa a hannu. Dakarun ko kallonsa ba su yi ba, har ina murna.

Kwana uku Tunka ya cika. Aka buga tambari da hantsi, Kumbi ta taru a ƙofar fada. Fenda ta fito riƙe da hannun Birante, ta ɗaga murya ta faɗi sunansa da na kakanninta mata. Mutane suka zube suna watsa ƙasa a ka. Na duba, sai ga Jagili shi ma a durƙushe, ƙasa har gira. Nan na san akwai wata a ƙasa.

Ya miƙe yana karkaɗe hannu. "Gwaggo, ban musa ba, ɗanki ne magaji. Al'ada ta hana ni gadon ubana, na bi. To, amma al'ada ba a bin rabinta." Ya juyo wajena. "Gundo, ke ce uwar murhu. Mutum nawa suka kai wa ubana akushi?"

"Shida, ranka ya daɗe."

"Shida?"

"Shida na ce!"

Ya yafito dakarunsa huɗu da matan Tunka biyu, kowa ya faɗi abin da ya gani. Na buɗe baki zan rantse da kurmin tsafi inda ake rufe sarakuna, sai Birante ya dafa kafaɗata.

"Inna, bari. Kada ki ja wa kanki. Na ɗauka."

Bokayen kurmi suka haɗa kai, ba su daɗe ba suka ce masu akushi bakwai ne. Fenda ta kurma ihu tana kiran dattawa ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Kowa ya sunkuyar da kai. Mahaya sun riga sun kewaye filin, amma ko takobi ɗaya ba a zare ba.

Da Jagili ya zo wuce ni, ya rage murya. "Ni na gaya wa tsohon cewa ɗan ƙanwarsa yana wajenki. Tausayi ne ya kama ni."

Aka kafa rumfar itace a kurmi, aka kwantar da Tunka da makamansa da zinariyarsa. Abincin da za a shiga da shi ni na dafa, aikina ne. Na zuba miyar kuka, na cika ta da nama. Birante ya karɓi sabon akushin da aka sassaƙa don kabari, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Yau dai kin sa gishiri, Inna?"

Ya bi bayan su shida ya shiga. Aka rufe ƙofa, aka shimfiɗa tabarmi a kan rumfar, mutane suka fara zuba ƙasa. Kowane ɗan Kumbi sai ya zuba ƙwarya guda. Na zuba tawa, ina jin ana buga itacen daga ciki. Kafin la'asar wurin ya zama tudu.

Tunda Fenda ba ta da sauran ɗa, dattawa suka ce to sai Jagili. Ita kuwa ta zauna a gindin tudun ba ci ba sha, ba ta ga damina ba.

Shekara na zagayowa sabon Tunka ya tara mutane ya ce rufe masu akushi da rai zalunci ne, daga yau an daina. Kumbi ta ɗauki guɗa, ana ta yabon tausayinsa. Tir!

Har yau ni ke tuƙa tuwon fada, don ba ni da wurin zuwa. Yanzu ɗan Jagili ne ke kai wa ubansa abinci, don mutane su saba da fuskarsa. Kullum da safe yana zuwa bakin murhu ya ce, "Inna Gundo, an gama?" Sai in ɗauki akushin nan, shi dai ɗin, in sa masa a hannu.