Ranar da Na'urar Hoton Ciki Ta Makance

Tun asuba ɗan da ke cikin Zulai'atu bai motsa ba. Cikinta na baya, wanda ta rasa, haka ya fara. Ba ta jira mijinta ya dawo daga kamun kifi ba, ta ja Innarta suka shiga kwalekwale zuwa Yelwa.

A ɗan asibitin da take awo, ungozoma Susan ta shafa mata mai a ciki ta ɗora na'urar. Hoto ya fara fitowa a allon kwamfutar, sai ya tsattsage, layuka kore da ja suka cika shi. Daga nan ya yi baƙi ƙirin.

"Ya mutu ko?" in ji Zulai'atu.

"Ba ke ba ce, kwamfutar ce," in ji Susan. Ta kashe ta kunna. Baƙi dai. Inna ta kama salati.

Susan ta kira Hafizu, mai gyara musu na'urori, ta buɗe muryar wayar don hannunta duk mai ne.

"Kwamfutar ta sabunta kanta ke nan," in ji shi. "Anti, katin hoton da ke cikinta ya tsufa. Sabon tsarin bai san shi ba, masu katin sun daina yi masa direba, manhajar da ke haɗa su. Sai na maido da tsohon tsari, ga shi ina Shanga. Sai yamma."

Zulai'atu ba ta tsinci komai ba sai "sai yamma". Ta damƙe ƙarfen gado, zufa na bin wuyanta.

Susan ta jawo ɗan mazurarin katako daga aljihun tebur, ta kafa mata a ciki, ta kara kunne.

"Inna, don Allah ku yi shiru."

Ta matsa hagu. Ta matsa ƙasa. Zulai'atu ta kafa wa fuskarta ido, ba ta karanta komai ba.

"Akwai bugu," in ji Susan. "Amma ya yi rauni sosai. Ku tashi."

Da kanta ta tare Keke Napep, ta raka su babban asibiti. Kafin la'asar aka yi wa Zulai'atu aiki, aka ciro 'ya mace, 'yar ƙarama, sai da aka sha fama kafin ta yi kuka.

Da Zulai'atu ta farfaɗo, aka kwantar mata da 'yar a gefe. Ta yi ta kai yatsa hancin jaririyar tana jin ɗumin numfashinta.