Shawara Ce Ta Riƙe Shi

Tun da aka tura ɗanta Lukmanu aikin kwantar da tarzoma a Darfur, Kulu ta zama 'yar gidan rediyo. Matar da ba ta taɓa wuce Kwanar Dangora ba, sai ga ta tana tsinkar tumatir a bakin kanal ɗin ban ruwa na Bunkure tana yi wa ƙasashen duniya faɗa.

Wa'adin su Lukmanu ya cika tuni, dawowa ce ta gagara. Kullum labarin ɗaya ne: ƙasashen ƙawancen soja da za su ba da jiragen kwaso su suna shawara, sai bakinsu ya zo ɗaya a kan manufa. Yau a zauna, gobe a ɗage. Kai, ko rabon ruwan rani tsakanin masu gonakin sama da na ƙasa bai kai wannan jan rai ba. Kewa ta ci ta har ta rame.

Wata ranar kasuwa Abednego ya yi sallama. Ɗan maƙwabtanta ne, tare suka shiga soja da Lukmanu. Shi kaɗai ya shigo, ya durƙusa, hula a hannu.

"Ina abokin naka?" Lukmanu ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa.

"Inna, shawara ce ta riƙe shi."

Ta ja tsaki. "Har yanzu ba su gama ba? Mutane a ƙoshe da shayi, suna ta juya magana da 'ya'yan wasu. To kai ta ina ka fito?"

Abednego ya daɗe yana murza hular.

"Ba tasu ba, Inna. Ciwon shawara. Idonsa ya yi ɗorawa, muna ta jiran jirgi a kai shi asibiti. Sai da aka binne shi jirgin ya zo."

Kulu ba ta yi kuka ba tukuna. Salati ma sai da ta laluba kafin ta same shi. Ta dubi bayan danga, inda tsiron rawaya ta fito birjik, ko akuya ba ta kula ta. Da saiwarta ta warkar da yara masu ciwon shawara fiye da yadda za ta iya tunawa.

"Shawara dai," ta ce a hankali. "In dai wannan ciwon ne, ai da kun aiko mini, Abednego. Jiƙawa kawai ake yi."