Hannun da Firam Ya Cinye

Tun daga bakin ƙofar zauren baje kolin, mai zanen ta hango hoton da ta zana. Yana can tsakiyar farin bango, fitila ta sunkuyo a kansa, an liƙa jan ƙyalle a gefe, alamar ya shiga sahun waɗanda alƙalan gasa za su fitar da gwani daga cikinsu. Kamata ya yi ta yi tsalle. Masu zane nawa ne a yankin nan suka kawo aikinsu gidan adana kayan tarihi aka mayar musu? Amma sai ta tsaya cak, domin hoton ya rame.

"Ke, lafiya? Kin tsaya kamar an dasa ki," in ji yayarta, wadda ta rako ta cikin takalmi mai tsini yana ta cizon ta.

"Yaya, an taɓa min zane."

Abin da ta zana mace ce zaune a bakin taga, fuskarta a juye. A can gefen dama kuma hannun namiji ya shigo, yatsunsa sun kusa taɓa kafaɗarta, ba su taɓa ba. Saboda wannan ɗan tsakanin ta yi zanen gaba ɗaya. Yanzu babu hannu. Mace ce kawai da taga.

Ma'aikatan gidan ta fara zargi, ta bi wani mai safar hannu da harara har ya duba rigarsa. Sai ta tuna da dogon nan mai zanen dawakai, wanda ya yi mata murmushin da bai kai ido ba ranar kawo aiki. Ta matsa kusa, hancinta ya kusa gogar zanen. Ba a kankare ba, ba a shafe da fenti ba. Firam ɗin katakon da ya zagaye hoton ne ya yi faɗi ta dama, ya hau kan zanen ya cinye hannun. Mutum ɗaya ne kuwa ya yi firam ɗin, mijinta kafinta, ya naɗe shi da kansa, ya ce kada ta buɗe don ƙura.

Wani dattijo cikin alƙalan ya tsaya kusa da ita, yana kaɗa kai. "'Yata, naki ne? Na daɗe ban ga kaɗaici irin wannan ba. Ba kowa gare ta, ko inuwa."

"Na gode, Baba," ta ce.

Yayar ta ja ta gefe. "To ki ja bakinki ki yi shiru. Sun ce kaɗaici, ki ce kaɗaici. In sun ce ciwon haƙori ne ma, ki ce shi ne. Ki karɓi kyautarki, a yi rigimar a gida."

Mijin mai zanen yana tsaye a bayan wani ginshiƙi, cikin rigar da ta goge masa, da garin katako har yanzu a gashin girarsa. Mutumin da ke auna katako sau biyu kafin ya ɗora zarto, wanda ko ƙusa ba ya bugawa a karkace. Da ta nufo shi sai ya shiga karanta sunan wani mutum-mutumi da himma.

"Malam kafinta, awonka ya kuskure."

"Katako ne ya ja," ya ce, bai dube ta ba.

"Ta dama kaɗai ya ja? Katakon nan akwai wayo."

Ya bar karatun sunan, ya juyo. Can ya ce a hankali, "Hannun wa ne?"

Ashe wannan ce ta hana shi cinye abincinsa duk kwanakin nan. Wani abu mai zafi ya taso mata, ta rasa ko tausayi ne ko haushi.

Ya buɗe tafukansa masu kanta da tabon gilashi. "Dubi nawa. Wancan kuwa sumul, dogayen yatsu, farce a gyare. Ki rataye hannun wani a gaban duk gari, ni in yi masa firam?"

"Sau nawa na ce ka zauna in zana naka? Kullum kana da aiki. Hannuna ne, na hagu. A madubi na kalla, na ƙara masa girma. Haka duk mai zane ke yi in ya rasa mai zama masa."

Ya dubi hannunta, ya daɗe yana dubawa. Ta ga idonsa na awo, yana gwada yatsunta da waɗanda ya binne a ƙarƙashin katako, ta kuma ga awon bai gamsar da shi ba.

"Babban yatsan bai yi kama ba," ya ce.

Nan ta ji ƙwallar da ta taru ta koma. Ta san ƙa'idar gasar sarai: aikin da aka sauya bayan alƙalai sun gani, ya fita daga gasar. Ta juya ta nufi teburin shugabar baje kolin.

"Ke! Kin haukace ne?" Yayar ta biyo ta tana ɗingishi.

"Ranki ya daɗe, a taimaka a sauko min da zanena," ta ce wa shugabar. "Za a cire firam ɗin."

"Kin san abin da hakan ke nufi?"

"Na sani. In kun yarda, a mayar da shi bango haka tsirara, ko ba jan ƙyalle." Ta waiwayo ta dubi mijin, wanda bai motsa daga gindin ginshiƙin ba. "Ga wanda ya ɗaura shi can. Shi zai kwance."