Zumar Haji Mirajan

"A cire sunansa kawai," in ji Sabz Ali, yana buga takardar koken a gwiwarsa. "Mutum ɗari da arba'in sun sa hannu. Saboda tsoho ɗaya za mu yi asarar komai?"

"Tsohon nan shi ya koya maka riƙe akwatin zuma, Sabz Ali," wani ya ce daga kusurwa. "Ka tauna maganarka."

"Na tauna! Ɗakin gwaji ne bai tauna tasa ba."

Muna zaune a zauren Sabz Ali, shugaban ƙungiyarmu ta masu kiwon zuma, koren shayi ya huce a kofuna ba wanda ya taɓa. Wata biyu muna yawo da koken nan ƙauye-ƙauye. Roƙonmu ɗaya ne: a tilasta wa masu shigo da zuma daga waje su rubuta ƙasar da ta fito a jikin kwalba. Ganga-ganga ake kawo ta, rabinta sukari, a ɗura a kwalba, a liƙa hoton magarya, a rubuta Karak, sunan yankinmu da ya shahara da zumar magarya. Tamu ta gaske kuwa tana jibge a ɗaka, ba mai taya ta. Don mu nuna wa hukuma bambanci, muka haɗa koken da zumar maƙwabcina Haji Mirajan, wanda ya shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da kwalba ba. Sakamako ya dawo, wai akwai sukari a ciki.

"Ƙarya ce, an sayi masu gwajin!"

"To a sake aikawa."

"A sake, ta sake fitowa haka? 'Yan kasuwa su yi mana dariya har birnin Peshawar?"

Haji yana zaune a bakin ƙofa, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa.

"Ku cire," ya ce. "Ni dai Allah ya sani ban zuba ba. Amma ba ni kaɗai nake buɗe akwatunan ba."

Kowa ya gane ɗansa Zarwali yake nufi. Ni kuwa na kafa wa tabarma ido, don na san abin da ba wanda ya sani a zauren.

Dokarmu ce, kafin magarya ta yi fure ana ba ƙudan zuma ruwan sukari don kada yunwa ta kashe su, amma kwana goma kafin furen kowa ya daina. Bana nawa sun rame, akwati tara sun mutu. Tsoro ya kama ni. Na cika babban baho da ruwan sukari na ɓoye a bayan katangata, har mako guda bayan fure ya buɗe. Ƙudan zuma bai san katanga ba. Kullum da hantsi ina ganin ayarin na Haji suna tsallako busasshen rafin da ke tsakaninmu, su sha su koma. Na ce ai ɗan kaɗan ne. Tawa zumar na sayar wa wani mai mota da wuri, ban sa sunana a kai ba.

A ranar taron nan Haji ya kori Zarwali. Ina jin su ta katanga.

"Baba, wallahi ban zuba ba! Kawo Alƙur'ani in dafa!"

"Kar ka taɓa min Alƙur'ani da hannun da ka ci amanata. Tun bara kake cewa kowa na yi, mu ne wawaye. Fita!"

Gaskiya ne Zarwali ya faɗi haka, amma baki ne kawai, irin na mai iyali da kasuwa ta tsaya masa. Ya kwashe matarsa da 'ya'yansa uku ya tafi Peshawar dako a kasuwar zuma. Na tsaya a ƙofata ina kallon motar, har na ɗaga masa hannu. Tir da ni.

Bayan kwana shida Haji ya faɗi a tsakanin akwatunansa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kwantar da shi a gadon igiya a tsakar gida, don ya ƙi ɗaki. Kullum ina zuwa. Ni ke juya shi, ni ke ɗaga shi ya sha ruwa, matarsa Inna Bakhtawara tana sa mini albarka.

"Daraz, kai ne ɗan da Allah ya ba mu," take cewa. "Wanda na haifa ya kashe ubansa da baƙin ciki."

Duk sanda ta faɗa sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Sau uku ina shiga gidan da niyyar faɗa, sau uku ina fitowa da maganata a ciki. In na faɗa, an gama da ni a Karak, 'ya'yana ma ba mai sayen zumarsu. In na yi shiru, tsohon nan zai tafi yana fushi da ɗansa.

Ran Alhamis da hantsi ya sa aka kawo masa zumar tasa a cokali. Ya lasa, ya daɗe yana juya ta a baki, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Akwai," ya ce da karkataccen bakinsa. "Yanzu ina jin ta. Ka gaya masa kar ya ɗauki gawata."

Na durƙusa na kama ƙafar gadon.

"Baba Haji, ni ne. Ba Zarwali ba ne. Baho na ajiye a bayan katanga, naka suka sha."

Inna Bakhtawara ta saki kwanon da ke hannunta. Haji ya dube ni. Na so ya zage ni, na so ya tofa mini yawu, amma bai da lokacina.

"Kwana nawa?"

"Bakwai, bayan fure."

Ya rufe ido. "Kira min shi."

Na kira, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Na sake. Na kira da wayar Inna, shiru. Na kira wani ɗan garinmu a kasuwar, ya ce Zarwali ya bi mota kai kaya, bai san ina ba. Na aika saƙo: ka zo, babanka na nemanka. Duk sanda na sauke wayar sai Haji ya buɗe ido.

"Ya ɗauka?"

"Yanzu zai ɗauka, Baba."

"Ka ce masa..." Sai numfashi ya sarƙe shi. Na kara kunnena a bakinsa, na roƙe shi ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba. Ana kiran la'asar ya cika, fuskarsa na kallon ƙofar gida.

Washegari da safe Zarwali ya iso, mun riga mun gama yi wa gawar wanka. Na tare shi a ƙofa kafin kowa, na gaya masa komai a tsaye, ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe, jakarsa a kafaɗa.

"Ya sani kafin ya tafi?"

"Ya sani. Kai yake ta nema."

Ya ciro wayarsa ya duba. "Na ga kiranka, Yaya Daraz. Goma sha tara. Na zaci zagi ya aiko ka da shi."

Aka binne aka dawo. Sabz Ali ya riƙe hannun Zarwali yana cewa za a mayar da sunan Haji a saman koken, shi ne na farko. Zarwali ya zare hannunsa a hankali ya shige gida. Ta ƙofar da aka bari a buɗe na hango shi zaune a ƙasa kusa da gadon igiyar, ya ɗora goshinsa a inda kan ubansa ya lotsa matashin.