Wadda Ta Cika Ƙofa

Tef ɗin nas ya ƙare, ƙugun Anti Tela bai ƙare ba.

Yarinyar ta ja, ta ƙara ja, ta leƙa bayan Anti Tela kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi, sannan ta tsaya riƙe da bakin tef biyu da suka ƙi gaisawa.

"Bari in aro na ɗakin haihuwa," in ji ta.

"Haba 'yar nan, sai kin tara mini jama'a? Kawo nan."

Shekara ashirin da biyu Anti Tela tana awon mutane, ba yau za a koya mata ba. Ta kama babban yatsan nas ɗin ta dasa shi inda tef ya ƙare. "Kar ki ɗaga. Ɗauko bakin, ci gaba daga nan, sai ki haɗa biyun. In kin haɗa ki rubuta. Ba a faɗa."

Amma yaran yanzu, ka ce musu gishiri su kawo maka sukari. Yarinyar ta haɗa, ta ɗaga murya ta karanta wa abokiyar aikinta da ke can ƙarshen ɗaki. Duk waɗanda ke kan benci suka ji. Wani tsoho mai sanda ya ce, "Tubarkalla."

"Baba, ai rabin ke nan, sauran na baro shi gida," in ji Anti Tela.

Aka kwashe da dariya, ita ce ma ta fi kowa. Haka take tun tana 'yan mata. Takan riga kowa tsokanar kanta, don 'yan tsokana su iske an gama aikin su kama gabansu.

Likitar wata siririya ce kamar tsinken tsintsiya, irin waɗanda iska mai ƙarfi kan sa a riƙe musu hannu. Wata shida ke nan tana juya Anti Tela daga wannan gwaji zuwa wancan. Sukari ya hau, jini ya hau, gwiwar hagu ta cinye kanta, kuma wai in tana barci numfashinta kan tsaya ya huta kafin ya dawo. Yau ta zana tumbi a takarda, ta ja layi a tsaye.

"Wannan ɓangaren za mu cire. Abin da zai rage bai wuce girman ayaba ba."

Anti Tela ta duba layin da idon masu sana'a. Ita in aka kawo mata riga a rage, ba ta taɓa sa almakashi. Ninke yadin take yi ta ɓoye shi a cikin ɗinki, domin mutum yakan dawo. Mace ta rame don ɓacin rai, bayan wata uku ta shirya da mijinta, ta dawo da riga tana raba ido, sai a warware zare kawai.

"Likita, abin da kuka rage ɗin, a ciki kuke ninke shi?"

"A'a, Anti. Fitar da shi ake yi."

"In mutum ya sake shawara fa?"

"Ba ya komawa."

"To ku ba teloli ba ne," in ji ta, ta yi 'yar dariya. Likitar ba ta taya ta ba.

Aka turo mata takarda. Ranar Talata mai zuwa ce, in ta yarda. A dawo da takardar gobe da safe da sa hannu, in ba haka ba a ba wa na bayanta gurbin. Har ta ɗauki biro. Sai likitar, don ta faranta mata, ta ce:

"Nan da shekara ɗaya, ko 'yan gidanku sai sun duba sau biyu kafin su gane ki."

Anti Tela ta ajiye biron a hankali, kamar ƙwai.

"Zan tafi da ita gida," in ji ta.

To, ga abin da likita ba ta sani ba. Anti Tela tana da uba a gida, tsohon direban babbar mota, wanda ya shekara uku kansa na zubewa kaɗan-kaɗan kamar buhu mai huda. Ido ma ya yi hazo, inuwa kawai yake rarrabewa. Ɗansa na fari ya zo duba shi, ya ce ɓarawo ne, ya jefe shi da takalmi. Jikokinsa ya ce 'ya'yan wa aka sako masa. Ba ya karɓar ko ruwa a hannun kowa. Amma da zarar Anti Tela ta tsaya a ƙofar ɗakinsa, ta tare hasken gaba ɗaya, sai tsohon ya saki fuska ya ce, "Kin dawo?" Ya buɗe baki a ba shi abinci.

Dangi duka sun sani. "Ita kaɗai ya sani," haka suke faɗa, da murya irin ta yabo, alhali kowa hamdala yake a ransa an sauke masa kaya. Ita kuwa wannan maganar ita ce ɗan abin da take da shi. Ta taɓa aure na shekara huɗu, mijin ya tafi wani gari neman aiki, har yau aikin yake nema. Ba ɗa, ba jika. Sai keken ɗinki, sai wannan "kin dawo?"

Jikin kuwa wajen uwarta ta gaje shi. Inna ce sak, har yadda take dafa bango in za ta hau dakali. Inna ta rasu tana da hamsin da biyu, da sukarin, da jinin, da gwiwar. Anti Tela bana arba'in da bakwai.

A cikin bas, tana sa ƙafa kowa ya sami abin kallo ta taga. Wani mai jaka ya ɗora jakarsa a kujerar da ke gefensa, ya rufe ido kamar ya kwana uku bai runtsa ba. Ta samu wuri a baya, rabinta a kujera rabinta a hanya, ta ciro waya ta kira yayanta.

"Yaya, sun ba ni rana. Talata."

Tana jin ƙarar talabijin ta cikin wayar.

"To wa zai zauna da Baba?"

"Kwana huɗu ne kawai a asibitin."

"Kwana huɗu ba ci ba sha? Ke kin san halinsa."

Daga nesa muryar matarsa ta shigo, wadda ba a kira ba amma kullum tana kan layi. "Ce mata ta sha ruwan zafi da lemun tsami da safe. Wata a layinmu ta yi, yanzu kamar ba ita ba."

"Kin ji," in ji Yaya. "Ni dai tun da aka haife ki haka na san ki, ban ga abin da ya rage ki da shi ba. Amma jikinki ne."

"Yaya, tsoro nake ji."

"Me kika ce? Bas ɗin nan da ƙara."

"Na ce a gaida yara."

Shagonta ɗakin gaba ne na gidan, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na shiga tsakar gida. A jikinsa akwai shagon mai kitso, wadda ita ce ta yi gadin Baba yau, gadin daga bakin taga, don ba ta manta labarin takalmi ba. Tana hango Anti Tela ta saki kan da take kitsawa rabi a tsefe ta fito da matsefi a hannu.

"Ya ƙi shayin. Ya ce guba na sa. Ni da na bar kwastoma! To ya aka yi, za su yanka?"

"Rage murya mana."

"Wa bai sani ba? Ke dai faɗi gaskiya, wani ne ya ce sai kin rage? Mai kawo miki zare ɗin nan, na ga yana daɗewa."

"Mai zare yana da mata da 'ya'ya shida."

"Shi ya sa ya san daɗin hutawa a shagon wasu." Ta sheƙe da dariya, sannan ta dube ta sama da ƙasa. "Amma wallahi in kika rame ban san da wa zan dinga kwatance ba. Kowa na ce masa shagona na kusa da na babbar matar nan, ba ya ɓata."

"Sai ki sa allo."

"Allo ai ba ya gaisawa da mutane."

Mai rabin kitso ta yi kira, ta koma da gudu.

Anti Tela ta zauna a gaban keke. Kujerar ta yi kukanta na kullum. Ta ciro takardar ta shimfiɗa ta kan rigar wata amarya da ba ta gama ba, ta karanta duk abin da zai iya faruwa, an jera shi layi-layi da ƙananan rubutu: zubar jini, yoyon ɗinki, mutuwa. Abin mamaki, waɗannan ba su tsorata ta sosai ba. Abin da ta hango shi ne wata siririyar mata tsaye a ƙofar ɗakin Baba, haske na wucewa ta gefenta hagu da dama, tsoho na lalubar takalmi.

Shekara biyar ko goma da za a ƙara mata, a ƙara mata su ta yi me da su? Ta zauna a gidan da ba wanda ya san ta?

Ta ninke takardar gida huɗu, ta tura ta cikin aljihun keke, ƙarƙashin tsofaffin maɓallai. Ta ji sanyi a ranta, irin na wanda aka ce masa an ɗage jarrabawa. Ta shiga kicin ta ɗumama shinkafa, ta dama ta da romo ta yi laushi yadda yake so.

Rana ta karkata, haskenta na shiga ɗakin Baba kai tsaye. Yana zaune bakin gado, ya sa hula a karkace, yana murza gefen zanin gado kamar sitiyari. Ta tsaya a ƙofa. Ɗakin ya yi duhu.

"Kin dawo?"

"Na dawo, Baba."

Ta jawo kujera ta zauna gabansa. Cokali na farko, na biyu. Yau yana cikin nishaɗi, har da ɗan kaɗa ƙafa. Da ta ga haka sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta tambaye shi.

"Baba, in na rame za ka gane ni?"

Ya yi dariya har shinkafa ta zubo masa a gemu. "Ke? Ramewa? Tun ranar da na fara ganinki a tasha kina rigima da kwandasta haka kike. Na ce wa yaron motata, wannan ko gada ce sai na haye in kai gaisuwa gidansu."

Cokalin ya tsaya a iska.

Inna ma Baba take ce masa. Ta ɗauka a bakin yara tun suna ƙanana, ba ta sake ba har ta koma ga Allah.

"Ba ni mana," in ji shi. Ta ba shi. Ya tauna, ya haɗiye, sai fuskarsa ta canza, ya matso kamar mai gulma.

"Wai ina yarinyar nan? Mai keken nan. Kullum ina jin ƙarar kekenta ta bango, tir-tir-tir, amma ko leƙo ni ba ta yi. Kun yi faɗa ne?"

"Ba mu yi faɗa ba."

"To ni na yi mata laifi? In don maganar mijin nan ne, ai na ce na yi kuskure, ban bincika ba. Shekara nawa yanzu ban sa ta a ido ba."

Ita da ta yi masa wanka da safen nan. Ita da ta yanke masa farce jiya.

"Ba ka yi mata komai ba," in ji ta.

"'Yar ƙarama haka," ya nuna da hannu, daidai gwiwarsa. "In na dawo daga tafiya ita ce ke fara jin hon. Ki ce ta zo. Ko sau ɗaya, ta zo ta tsaya in gan ta."

Ta ƙarasa ba shi abincin, don ba a barin tsoho da rabin ciki saboda mutum ya ji magana. Ta goge masa baki, ta tsince shinkafar gemun ɗaya-ɗaya, ta gyara masa hula. Ta kai kwano kicin ta wanke, ta kife, ta daɗe tsaye hannunta na ɗigar ruwa.

Ta sani sarai. Yana iya rasa matarsa da yake gani a ƙofa, 'yar kuma bai samu ba. Babu likitan da zai rubuta mata wannan a takarda.

A shago ta zazzage maɓallan a kan tebur. Ta buɗe takardar ta shafe ninkin da tafin hannu, ta ɗauki biron da take rubuta awon mutane da shi, ta rubuta sunanta cikakke, wanda rabon da ta ji wani ya kira ta da shi har ta manta. A ƙasa akwai layin sunan mai jinya. Ta dube shi, ta dubi bangon da ya raba ta da mai kitso, inda ake ta shewa a kan labarin wata, ta bar shi ba komai. Da safe ta san ƙaryar da za ta yi wa nas.

Daga ciki tsohon ya ɗaga murya.

"Ke! Kin aika mata?"

"Na aika, Baba."

"Me ta ce?"

"Ta ce tana tafe. Amma za ta ɗan daɗe a hanya."