Fiton Yero

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo a filin firamaren Jigwada ya san Ezra ba ya duban abokin tsayuwarsa. Idonsa na kan ɗan gaban da yake tsare da shi, kunnensa kuwa na wajen Yero. Su biyun ne masu tsaron baya tun suna buga ƙwallon unguwa ba takalmi. Yero a rugarsu ta hanyar Agwada ya tashi, kuma da fiton da yake kora shanu da shi ya shigo fili. In ya yi gajere mai kaifi, a matsa gaba lokaci guda, a bar ɗan gaba cikin satar gida. In ya ja shi ya lanƙwasa, a koma baya. Ezra dogo ne, ƙaƙƙarfa, ba a cin sa a sama, amma yana da nauyin juyawa. Fiton nan ne yake ba shi taku ɗaya kafin kowa ya motsa. Da shi suka samu kulob, da shi aka kira su ƙungiyar ƙasa, mutum biyu daga gari ɗaya, har masu sayar da mai a bakin titin Abuja suka riƙa tare direbobi da labarin.

Zipora matar Ezra ta fi kowa sanin wannan. Malamar firamare ce, ba ta damu da ƙwallo ba kafin aurenta, amma ta sha ganin Yero ya tsaya a ƙofar gida ya yi fito, mijinta ya miƙe da lomar tuwo a baki tun kafin ya san ya miƙe. Takan yi masa dariya.

"Baban Mabel, ni in na kira ka sai na yi sau nawa. Ko in je ruga a koya min?"

"Je ki mana," in ji shi. "Dada, uwar Yero, za ta haɗa ki da tatsar nono, ki gudo."

Sai wani kulob a Beljiyam ya sayi Yero. Ezra ne ya raka shi filin jirgi, ya dawo yana ta murna, yana cewa saura shi. Zipora ta san abin da yake nufi. Shekarunsa sun doshi talatin, gwiwarsa ta hagu ta fara ƙara da safe, kuma masu neman 'yan wasa daga waje ba sa zuwa kallon gasar cikin gida. Rigar ƙasa kawai suke gani. In ya ci gaba da sa ta, wataƙila wani ya gan shi. In aka cire shi, ya ƙare a nan.

Ranar wasan ƙarshe na neman gurbin kofin nahiya, falon Zipora ya cika. Ubale mai shagon kusa da su ya jawo janaretonsa saboda an ɗauke wuta tun azahar, matarsa Hauwa'u ta zo da gyaɗa soyayya a roba. Canjaras ma ya ishi ƙasa ta wuce. Kulob ɗin Yero bai sake shi da wuri ba, sai ana gobe wasa ya sauka, amma ga su nan a talabijin kafaɗa da kafaɗa kamar da, Ubale yana nuna su da yatsa yana cewa duk a shagonsa suka sha ruwan leda.

Har aka kusa tashi ba wanda ya ci. Sai baƙin suka ɗago wata doguwar ƙwallo daga tsakiya. Yero ya ɗaga hannu, ya yi ihu, ya ruga gaba. Na dama da na hagu suka bi shi. Ezra bai motsa ba. Ya tsaya inda yake, kansa a ɗan karkace gefen da Yero yake, kuma Zipora ta gane karkatar nan tun kafin ƙwallon ta sauka. Tsayuwarsa ce ta hana a ɗaga tutar satar gida. Ɗan gaban baƙi ya wuce ta bayansa, kafin Ezra ya juya har ya kai ga mai tsaron gida. Ƙwallo ta shiga raga.

"Kai! Wannan wace irin tsayuwa ce, kamar mai jiran motar Maraba?" Ubale ya faɗa da ƙarfi, sannan ya tuna a falon wa yake zaune. Hauwa'u ta mintsine shi a cinya. Ya ce bari ya duba man janareto, ya fita, bai dawo ba.

Kafin gari ya waye hoton tsayuwar nan ya shiga kowace waya. Wani ya zana masa fitila a ka, aka sa masa suna Turken Lantarki. A rediyo masu bugo waya suka riƙa tambayar wa ya ɗaure wa wannan mutum gindi a ƙungiyar ƙasa. A makaranta malamai suka riƙa yin shiru in Zipora ta shigo ofis, shirun da ya fi magana ciwo. Wani ɗan acaba da ya ɗauko ta daga kasuwa, bai san ko wace ce ba, ya yi ta zagin Ezra har ƙofar gida, da ya ga gidan da ta nuna sai ya ƙi karɓar kuɗinsa ya ja babur da gudu.

Ezra ya dawo ya shige ɗaki. Abinci kaɗan yake taɓawa. Ta bar shi har wata yamma da ta same shi zaune a bayan gida yana matsa gwiwarsa da ruwan zafi, ta ɗauki kujera 'yar tsugune ta zauna kusa.

"Yero bai yi fito ba, ko?"



"Ya daina," ya ce. "A can, wasansa na farko, ya yi fito sai ɗan gaban ya tsaya, ya ɗauka usur ne. Alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi, wai yaudara ce. Kocinsu ya tsayar da shi gaban kowa ya ce nan ba wajen kiwo ba ne. Tun daga ranar ya rufe bakinsa. Yanzu da hannu suke yi, da ihu."

"Kuma bai faɗa maka ba?"

"Sai bayan wasa. Kin san shi da kunya. Ya ce ya rasa ta inda zai fara gaya min an wulaƙanta shi a kan abin da ya gada."

"To shi ya ji kunya, kai ka sha zagin ƙasa gaba ɗaya? Ya fito ya faɗa mana!"

"Maman Mabel, ki bar shi."

"In bar me? Jiya a rediyo..."

"Koci ya dafa ni a ɗakin canja kaya, ya ce kowa na kuskure, zai neme ni a wasannin sada zumunta. Ki bar maganar nan a nan. Kada ki kai ta ko'ina."

Zuciyarta ba ta yarda ba. Wane koci ne zai tsaya wa mutumin da ƙasa ke jifa? A ganinta Ezra rufa wa abokinsa asiri yake yi, kamar yadda ya saba, shi kuwa abokin yana can cikin sanyi ana biyan sa, ba wanda ya zana masa fitila a ka. Ta kwana da abin, ta tashi da shi. Ran Asabar ta ce za ta kasuwa, ta hau acaba zuwa bayan gari, gidan da Yero ya gina wa mahaifiyarsa.

Ta sami Dada a tsakar gida tana dama fura a ƙwarya. Gida ne mai tayil da tankin ruwa, amma tsohuwar tabarmarta ta shimfiɗa a ƙasa, kujerun falo kuwa har yanzu da ledarsu.

"A'a, matar ɗana! Yau an tuna da tsohuwa? Ina kishiyata Mabel?"

"Tana gida, Dada. Mun same ku lafiya? Ya shanu?"

"Shanu suna ruga, ni an kulle ni a nan kamar kaza. Zauna. Kin rame."

Sai da ta sha furar, don Dada ba ta sauraron mai ƙishi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta faɗa a hankali, har maganar ɗan acaban nan. Dada ba ta san satar gida ba, ba ta taɓa kallon wasa har ƙarshe ba, amma ta gane maganar fito tun kafin a gama.

"Ya saba masa da kira, sannan ya yi shiru bai gaya masa ba?"

"Haka ne, Dada."

Tsohuwar ta ajiye ludayi.

"Ko saniya ba a yi mata haka. Kira min shi a wayarki, mai nuna fuskar nan."

Yero ya ɗauka yana cikin wata ƙatuwar riga har wuya, bayansa farin bango ba komai a jiki. Ya rame shi ma, Zipora ta lura, kuma ba ta so ta lura ba. Da ya ga fuskar uwarsa ya sunkuyar da kai. Dada ta yi masa magana da Fulatanci, doguwa, ba ta ɗaga murya ba, sannan ta juya Hausa don Zipora ta ji.

"Uwar Ezra ta ciyar da kai lokacin da kake kwana a gari saboda ƙwallo. Yanzu matarsa ba ta iya shiga kasuwa. Kai ka yi laifi, shi ake zagi. Ka faɗa wa babbanku gaskiya."

"Dada, Ezra ya ce kada in..."

"Ezra ne ya haife ka?"

Can ya ɗago ya dubi Zipora.

"Maman Mabel, ki yafe ni. Wallahi ban yi barci ba tun ranar. Zan kira koci, zan gaya masa komai tun daga farko."

Ta dawo gida da sauƙi a ƙirjinta. Ta tsaya ta sayi kifi busasshe da ganyen ugu don a ga shaidar kasuwa, ta yi miyar da Ezra yake so, har ya ƙara tuwo. Ba ta ce masa komai ba.

Kiran ya zo wata ranar Laraba da la'asar, ta dawo daga makaranta ke nan tana cire takalmi. Ezra na tsakar gida yana wanke takalman wasansa da tsohon buroshi. Ya ga sunan da ke kan wayar, ya goge hannu a wando, ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka. Ta ji yana cewa to, ranka ya daɗe, haka ne, ranka ya daɗe. Daga nan bai ƙara cewa komai ba sai sauraro. Da aka gama ya ajiye wayar a bakin rijiya, ya koma ya tsuguna gaban bokitin, amma bai ɗauki buroshin ba.

"Koci ne?"

"Shi ne."

"Me ya ce?"

"Ya ce Yero ya kira shi. Ya gaya masa tun daga filin Jigwada, duk shekarun nan da kunne nake wasa." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ya ce ya yaba da gaskiyar Yero. Ya ce da ya ɗauka hankalina ne ya tafi sau ɗaya, kuma wannan ana yafewa. Amma mai tsaron bayan da sai an yi masa fito yake sanin inda zai tsaya, mai fiton kuma ya daina, ba zai iya gina baya a kansa ba. Akwai wani yaro da yake so ya gwada kusa da Yero."

Zipora ta dafa bango. Takalmi ɗaya na ƙafarta, ɗaya a hannu.

"Amma ai ya gane ba laifinka ba ne."

"Ya gane sarai. Abin da nake ɓoyewa ke nan, Zipora. Kin ɗauka Yero nake rufa wa asiri? Kaina nake rufa wa." Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ta ba. "Yero ya gaya masa Dada ce ta sa shi. Ita kuwa Dada ba ta jin rediyon ƙwallo."

Ta buɗe baki. Tana so ta faɗi maganar ofis, da ɗan acaba, da yadda take jin juyinsa a gado har asuba, amma duk sai suka yi mata ƙanƙanta a baki.

Wayar ta sake ƙara a bakin rijiya. Ezra ya leƙa, ya ga sunan, ya ɗauka ya miƙo mata.

"Ungo. Abin da kika roƙa ya yi. Ki yi masa godiya."

Ta karɓa. Muryar Yero ta fito da sauri, a sake, irin ta wanda ya samu barci bayan ya daɗe bai yi ba.

"Mutumina! A'a, Maman Mabel ce? Na kira koci fa. Na gaya masa komai, ban rage ko ɗaya ba. Ya ce zai nemi Ezra da kansa. Ya kira?"

Ta dubi bayan mijinta. Ya ɗauki buroshin, yana cuɗa takalmin da ya riga ya fita.

"Ya kira," ta ce. "Mun gode, Yero."