Sunan Baban Luba

Shu'aibu na cikin kokawa da wuyan rigar da aka raba musu, ta ƙi wuce kansa, sai ya ji an tafa hannu an ce kowa ya tashi a yi da'ira. Farar riga ce mai gajeren hannu irin ta ƴan ƙwallo, an rubuta mata a ƙirji da Faransanci cewa su duka iyali guda ne. Ya ja ta da ƙarfi ta zauna a kan kaftaninsa. Duk ɗakin taron otel ɗin haka yake, magidanta masu furfura sun cusa kansu cikin rigar yara, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa.

Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi aka rage albashi, kamfanin fatun ya koma kamar gidan makoki. An daina raha a bakin sikeli, gaisuwa ma sai da kai. Sabon darakta, Misye Maurice, wanda aka turo Garuwa bayan damina, ya ga abin ya ishe shi. Shi ne ya ɗauko wani gwanin farfaɗo da zukatan ma'aikata daga Duwala, ya kama musu ɗaki a bakin kogin Binuwai ranar Asabar. Sunan gwanin Théodore. Mutum ne mai fara'a da saurin zufa, kuma da ganinsa ka san ba yaudara ta kawo shi ba, ya yarda da aikinsa har cikin ransa.

Ya tsaya a tsakiyar da'irar yana magana, Jules akawun sito yana fassara wa waɗanda Faransancinsu bai wuce na gaisuwa ba.

"Ya ce yau babu shef, babu misye, babu baba. Darakta ma Maurice ne kawai. Kowa zai juya ga na damansa, ya dube shi cikin ido, ya kira sunansa, ya faɗi abu ɗaya da yake so a halinsa."

Théodore bai bar mutane sun tsaya inda suka ga dama ba. Ya bi su yana kama kafaɗa, ya cire wannan daga nan ya dasa shi can, don kada aboki ya fake a bayan aboki. Da ya gama, Shu'aibu ya saci kallon damansa. Malam Halliru ne a tsaye, hularsa a daidai, rigar ƴan ƙwallon ta matse masa ciki.

Malam Halliru shi ne mai tantance fata a kamfanin tun kafin Shu'aibu ya iya ɗaura wando. Shi ne kuma mahaifin Luba, matar Shu'aibu, kuma ita ce ƴar farinsa. Tun ranar da aka ɗaura auren Shu'aibu bai ƙara haɗa ido da shi ba, bai ci abinci a gabansa ba, sunansa kuwa ko a mafarki bai faɗa ba. Shi ma tsohon haka. A siton da Shu'aibu ke kula da shi suna iya tsayuwa kafaɗa da kafaɗa, amma sai ka ji Shu'aibu ya ce, "Jules, a shaida wa Baba motar garin Mindif ta iso." Tsohon kuma ya ce, "Jules, ka ce da mai sito ya buɗe ƙofar baya." Jules ya daɗe da daina maimaitawa, sai dai ya ce "to" ya ci gaba da aikinsa.

Aka fara zagayen. Wani ya yabi wani da zuwa aiki da wuri, wani ya ce na damansa ba ya rowar goro, aka ɗan yi dariya. Har layi ya zo kan Shu'aibu.

Ya dubi siminti ya ce, "Baba mutumin kirki ne."

Théodore ya matso yana murmushi. "Sunansa. Ka dube shi, ka faɗi sunansa."

Shu'aibu ya ci gaba da kallon siminti. Fankar sama na ta juya iska mai zafi. Hausawa da Fulanin da ke wurin duk suka ga abin kallo a faratansu. Malam Halliru ya kafa fuskarsa ga bango kamar ba da shi ake ba.

"Shekara da shekaru kuna aiki tare ba ka san sunansa ba?"

"Na sani."

"To?"

Théodore ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai a hankali kamar likitan da ya gano inda ciwo yake, ya ce a wuce.

Da aka kawo abincin rana sai ga Théodore ya ajiye su biyun a tebur ɗaya, kujera na fuskantar kujera, da tire guda na shinkafa da kifin kogi a tsakaninsu. Shu'aibu ya durƙusa kaɗan, ya ja da baya, ya fice. Can gindin darbejiya Jules ya same shi, yana zaune a kan tubali da yunwarsa.

"Shu'aibu, akwai magana," in ji Jules, ya rage murya. "Na ji su da kunnena. Mutumin Duwala ya ce wa darakta ya gano ƙayar da ke cikin rukunin ma'aikatan nan. Wai ku biyun nan gaba kuke yi, kuma gabarku ce ta sa sito ya yi sanyi. Darakta ya ce in ba ku shirya yau ba, ƙaramin zai koma reshen Maruwa ƙarshen wata."

"Ka ce musu surukina ne mana. Kunya ce, ba gaba ba."

"Ka manta dokar da ta zo daga Duwala bara? Dangi ba sa aiki a sashe ɗaya. Tsohon darakta ya kau da kai, wannan ba zai kau ba. In na buɗe baki, ba sai ƙarshen wata ba, Litinin za a raba ku." Ya ƙara matsowa. "Kuma ka san abin da raba ku ke nufi ga tsohon."

Shu'aibu ya ɗago ya dube shi.

"Ni ma ina da ido," in ji Jules. "Ina ganin kusurwar fata."

Abin da Jules ke nufi, Shu'aibu ya zaci daga shi sai Allah suka sani. Tun damina biyu da suka wuce idon Malam Halliru ya fara dushewa. Hannunsa na nan da gwanintarsa, yana gane yankan wuƙa da cizon kaska da taɓawa ɗaya, amma tabon ruɓa da canjin launi sai da ido. Ranar da Shu'aibu ya ga ya wuce da fata mai tabo a sahun farko, bai ce komai ba. Washegari, da yake shimfiɗa fatun a tebur, sai ya naɗe kusurwar hagu ta duk wadda ke da tabo. Bayan kwana kaɗan ya lura hannun tsohon kusurwar hagu yake fara nema. Tun daga nan haka suke aiki, babu wanda ya taɓa furta kalma a kai. Kunyar da ke tsakaninsu ita ta rufa wa maganar asiri, ta bar wa tsohon girmansa. In aka kai Shu'aibu Maruwa, mako guda ya isa a gane, kuma a wannan zamani na rage ma'aikata ba a ajiye mai tantance fata da ba ya gani.

Ya yi sallar azahar a bayan sahu, ya daɗe a sujada. Abin da ake nema a wurinsa ba wuya gare shi ba a wajen mutumin Duwala, kalma ɗaya ce. Shi kuwa ji yake kamar an ce ya tuɓe wa mahaifin matarsa hula a tsakiyar kasuwa. Ya tuna Luba, wadda ita kanta in za ta ambaci mai suna irin na mahaifinta sai ta ce "mai sunan Baba". Tsoro ya kama shi, da baƙin ciki.

Bayan la'asar aka fito da su fili. An warwatsa kujeru da bokitai da tayoyin mota a kan ciyawa. Théodore ya ɗaga wani baƙin ƙyalle ya ce wannan shi ne wasan amana. Za a ɗaure wa mutum ido, abokinsa ya tsaya a ɗaya ƙarshen, ya kira shi da sunansa, ya yi masa jagora da murya har ya iso. Masu ƙuruciya suka fara, ana ta tuntuɓe da bokiti, ana dariya. Darakta da kansa ya ci karo da kujera, ma'aikata suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba. Gaskiya wasan ya ɗan yi aikinsa.

Sai Théodore ya ce yanzu saura na ƙarshe, kuma shi ne mafi muhimmanci. Ya je da ladabi ya kamo hannun Malam Halliru, ya kai shi bakin filin, ya ɗaure masa ƙyallen a ƙarƙashin hula. Ya nuna wa Shu'aibu ɗaya ƙarshen.

"Ka kira shi. Ba baba ba. Sunansa."

Fili ya yi tsit. Daga ƙasa ana jin masu wanki a bakin kogi suna buga kaya a kan dutse. Tsohon na tsaye a miƙe, hannuwansa a gefe, rubutun iyali guda a ƙirjinsa. Shu'aibu ya waiga. Ya ga darakta ya harɗe hannu ya dubi agogo.

Sai muryar Malam Halliru ta fito, ba da ƙarfi ba, da Hausa.

"Jules."

"Na'am, Baba."

"Ka ce da mai sito rana na dukana. Ka ce ya kira. Ni na sa shi."

Jules bai maimaita ba. Shu'aibu ya sunkuyar da kai.

"Halliru," ya ce.

Sunan ya fita ƙanƙane, amma kowa ya ji. Malam Uba mai jimar fata, sa'an tsohon, ya juya baya ya fuskanci kogi. Théodore ya yi wa Shu'aibu alama da hannu ya ci gaba.

"Taho. Miƙe. Dama kaɗan, akwai bokiti. Tsaya. Ɗaga ƙafa, taya ce."

Tsohon ya taho. Bai miƙa hannu gaba yana lalube kamar yadda sauran suka yi ba. Yana tura ƙafa a hankali, ta taɓa ƙasa ta tabbatar, sannan ya ɗora nauyinsa, kansa a karkace yana bin murya. Ko bokiti ɗaya bai taɓa ba. Théodore sai murna yake, yana ce wa jama'a su duba, wannan ita ce amana, minti kaɗan da suka wuce ba sa ko kallon juna. Shu'aibu kuwa da ya ga wannan tafiyar sai hawaye ya cika masa ido. Ba yau tsohon ya koye ta ba. Tafiyar wanda ya daɗe yana yinta ce a cikin gidansa, in babu mai kallo, kuma ta nuna masa abin ya yi nisa fiye da yadda ya zata.

Da ya iso, Malam Halliru ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗar Shu'aibu ya tsaya. Aka ɓarke da tafi. Théodore ya kwance ƙyallen, ya rungume su duka biyun, aka ɗauki hoto. Darakta ya zo ya girgiza hannun Shu'aibu ya ce yanzu ya ga ma'aikaci, a bar maganar Maruwa. A jawabin rufewa Théodore ya ce ko don waɗannan biyun kaɗai tafiyarsa daga Duwala ba ta tashi a banza ba, kuma muryarsa har rawa take da ya faɗa.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da aka watse. Motar kamfani na jira a ƙasa, sai an sauka wata doguwar matakalar siminti da ba ta da abin dafawa. Mutane suka yi ta gangarawa suna hira, wasu sun riga sun cire rigunan sun rataya a kafaɗa. Shu'aibu ya tsaya baya kamar kullum, don tsohon ya wuce ya yi nisa kafin shi ya biyo. Yana ta tunanin da wace fuska zai shiga gida, da abin da zai ce in Luba ta tambaye shi yadda taro ya kasance.

Malam Halliru ya kai bakin matakalar ya tsaya. Jules ya riga ya sauka, yana can yana magana da direba. Babu kowa a saman sai su biyu. Shu'aibu ya jira, tsohon bai motsa ba.

"Shu'aibu."

Tun da ya auri Luba bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba. Ya durƙusa a inda yake.

"Na'am, Baba."

Tsohon bai juyo ba. Yana fuskantar inda hasken yamma ya kwanta a kan kogi.

"Ba na ganin matakalar nan."

Shu'aibu ya tashi ya matso, ya miƙa masa hannu. Suka fara sauka a hankali, shi a gaba da taki ɗaya, kansa a sunkuye.